Fiyus a Tsohuwar Mota: Yadda Za Ka Gane Lambar da Ta Dace da Kowane Layi

Muna kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa ne bayan sallar isha'i, a cikin Peugeot 504 da mahaifinmu ya bar mana, sai ƙanina ya ce, "Yaya, ba ka jin ƙaurin roba?" Ban kai ga ba shi amsa ba hayaƙi ya tuƙo daga ƙarƙashin sitiyari. Allah ya sa akwai sifana a aljihun ƙofa, na buɗe bonet na cire kan batir hannuna na rawa. Washegari wani dattijo mai wayarin ya kwanta a ƙasan dashbod, ya zaro wani mataccen fiyus da aka naɗe da silin waya huɗu, ya ɗaga shi a rana.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Na ce, "Baba, wani ne a gareji. Ya ce fiyus ɗin yana yawan ƙonewa, shi ya sa ya ƙara masa ƙarfi."

Ya girgiza kai. "Ba ƙarfi ya ƙara masa ba. Mai gadi ya kora."

Wayar da ke kai wuta fitilun baya ce ta goge a bakin wani ramin ƙarfe tana taɓa bodi. Fiyus ɗin da ke ta ƙonewa yana ta faɗa mana akwai matsala, mu kuwa muka toshe masa baki. Kwana biyu aka yi ana warware damin wayoyin da suka narke suka manne da juna.

Abin da na koya daga nan shi ne ginshiƙin duk bayanin da ke tafe: fiyus ba don fitila ko rediyo aka sa shi ba, don waya aka sa shi. Aikinsa ya mutu kafin waya ta yi zafin da za ta narkar da robarta. Don haka lambar da ta dace tana zaune ne tsakanin iyaka biyu. Ta ƙasa ita ce wutar da kayan da ke kan layin suke ja, ta sama kuma ita ce wutar da wayar za ta iya ɗauka. Sauran duk hanyar gano waɗannan lambobi biyu ce.

Mataki na 1: Fara gane irin fiyus ɗin da motarka take ci

Nan ne mafi yawan mutane suke faɗawa rami, saboda tsofaffin motoci ba yare ɗaya suke yi ba.

Motocin Jamus, irin su Volkswagen Beetle da Marsandi W123, suna amfani da fiyus na tangaran mai tsini a kai da gindi, tsawonsa milimita 25, da ɗan siririn ƙarfe kwance a bayansa. Launinsa ne lambarsa, wato yawan wutar da yake ɗauka a ma'aunin amfiya: rawaya amfiya 5, fari 8, ja 16, shuɗi 25. A Beetle kusan duk layukan farare ne, sai ɗaya ko biyu masu nauyi da ke cin ja.

Fiyus na roba mai ƙafa biyu, wanda ya cika kasuwa yanzu, kamfanin Littelfuse ne ya fito da shi a 1976, kuma nasa launukan daban: ruwan ƙasa mai haske 5, ruwan ƙasa mai duhu 7.5, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari garau 25, kore 30. Ka dubi tarkon da kyau. Rawaya a tangaran 5 ne, a roba 20. Fari a tangaran 8 ne, a roba 25. Wanda ya sauya akwatin fiyus ɗin Beetle zuwa na zamani, ya ce bari ya bi launi, to ya ɗora fiyus 25 a kan wayar da aka yi wa 8. Lamba za ka karanta, ba launi ba.

Sai na gilashi, wanda shi ne mafi yaudara. Motocin Ingila, irin su tsofaffin Land Rover, MG da Morris, suna cin fiyus ɗin kamfanin Lucas, mai 'yar takarda a cikin gilashin. Lambar da Lucas ke rubutawa ita ce wutar da za ta kashe fiyus ɗin nan take, ba wadda zai ɗauka kullum ba. Wanda aka rubuta wa 35, ainihin abin da yake ɗauka yau da gobe kusan 17 ne. Na 50 yana ɗaukar 25, na 25 kuma kusan 12. Su kuwa na gilashi irin na Amurka da Japan, waɗanda ake kira AGC, lambar da ke jikinsu ita ce abin da suke ɗauka kullum. Kenan idan littafin Land Rover ɗinka ya ce 35, ka je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo AGC mai lamba 35, ka sa fiyus mai ninkin ƙarfin wanda masu motar suka nufa. Abin da ya kamata ka nema shi ne 15, in layin ya yi nauyi kuma wayar na da kauri ka kai 20. Mai shagon ba ƙarya ya yi maka ba, 35 ka tambaya, 35 ya ba ka.

Akwai kuma irin na Amurka da ake kira SFE, wanda tsawonsa ke ƙaruwa da lambarsa, don kada babba ya shiga gurbin ƙarami. In ka ga gurbi gajere ƙwarai a tsohuwar motar Amurka, kada ka buɗa ƙarafunansa da ƙarfi, da gangan aka yi shi haka.

Fiyus ɗin fulogin gida mai lamba 13 kuwa, ka bar shi a jikin dutsen guga. Ba ya zama daram a gurbin mota, kuma duk abin da bai zauna daram ba zafi yake haifarwa.

Mataki na 2: Nemi abin da masu motar suka rubuta, amma kada ka tsaya a nan

Duba bayan murfin akwatin fiyus, duba littafin mota in yana nan, duba zanen wayarin na ƙirar motarka da shekararta. Idan motar tana nan yadda ta fito, ba a taɓa mata waya ba, lambar da suka rubuta ita ce amsa, sai dai ka fassara ta kamar yadda muka yi wa Lucas.

Sai dai ina ka ga irin wannan mota? An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna kuma ta fara aiki a 1975. Motar da ta fito a shekarun nan ta ratsa hannun masu wayarin da ba za su ƙirgu ba. Wannan ya jona rediyo, wancan ya ƙara hon, wani ya ja wa fankar lagireto wuta daga layin waifa don shi ne ya fi kusa da hannunsa. Littafi ya san motar da ta bar masana'anta ne, bai san wadda ke ƙofar gidanka ba.

Mataki na 3: Gano abin da ke rataye a kan kowane fiyus

Wannan aiki ne na mutum biyu da takarda da biro. Ka kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka zare fiyus ɗaya, ɗan'uwanka ya zagaya yana gwada komai: fitilun gaba, ƙananan fitilu, na birki, sigina, hon, waifa, fanka, fitilar cikin mota, allurorin dashbod, wurin cajin waya. Duk abin da ya mutu, a kan wannan fiyus yake. Rubuta, mayar da shi, zare na gaba. Idan an daɗe ana yi, ka riƙa kashe makulli tsakani, don kada kwayil, wanda ke ba fulogin inji wuta, ya yi zafi.

A ƙarshe za ka ga abubuwan da ba su mutu ba ko da ka zare duka. Waɗannan ba su da fiyus sam. Wasu haka suka fito, domin tsofaffin motocin Ingila da yawa fiyus biyu kacal gare su, fitilun gaba ma ba sa bi ta ciki. Wasu kuma aikin 'yan jone ne. Ka ja musu layi a takardarka, za mu dawo kansu.

Launin waya na taimakawa, in ka san ƙasar motar. A motocin Ingila, ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir ba fiyus, shunayya wutar batir ce da ta bi ta fiyus, fara wutar makulli ce ba fiyus, koriya wutar makulli ce da ta bi ta fiyus, baƙa kuma ita ce ta bodi. A motocin Jamus kuwa ruwan ƙasa ita ce ta bodi, ja ce wutar batir, baƙa kuma wutar makulli. Ka ga ruwan ƙasa da baƙa sun yi musayar aiki. Wanda ya saba da Marsandi ya kama wayar Land Rover mai ruwan ƙasa ya ɗaura a bodi, zai ga tartsatsin da bai shirya masa ba. Jamusawa suna kuma buga lamba a jikin makunni da rile (wani makunni da wuta kaɗan ke kunnawa, shi kuma ya saki wuta mai yawa): 30 wutar batir, 15 wutar makulli, 31 bodi, 58 ƙananan fitilu, 56a doguwar fitila, 56b gajeriya. Peugeot kuma lambobin da ke jikin wayoyin ake bi, fiye da launi.

Mataki na 4: Lissafa wutar da layin ke ja

Lissafin ba ya wuce na ɗan aji huɗu: wat raba da bolt, ya ba ka amfiya. Wat ɗin kowane ƙwan fitila yana rubuce a gindinsa.

Ɗauki layin ƙananan fitilu. Biyu a gaba masu wat 5, biyu a baya masu wat 5, biyu na lambar mota masu wat 5, da ƙananan ƙwai huɗu na dashbod masu wat 2. Jimla wat 38. Raba da 12, ka sami amfiya 3.2. Layin birki: ƙwai biyu masu wat 21, wat 42 kenan, amfiya 3.5. Fitilun gaba irin H4: gajeriya wat 55, doguwa wat 60. Gajeru biyu wat 110, amfiya 9.2; dogaye biyu wat 120, amfiya 10.

Idan motarka mai bolt 6 ce, kamar Beetle ɗin da aka yi kafin 1967, da 6 za ka raba. Ƙwai mai wat 45 a can amfiya 7.5 yake ja shi kaɗai, ninkin abin da zai ja a bolt 12. Shi ya sa wayoyin irin waɗannan motoci suka fi kauri, kuma shi ya sa in an mayar da mota mai bolt 6 zuwa 12 tsohuwar wayarta ba ta wahala.

Abubuwan da ke juyawa, wato waifa, fankar ciki da fankar lagireto, su kam lissafin wat ba ya wadatar da su. Aunawa ake yi. Zare fiyus, saita mita a kan amfiya 10 na wutar batir, sa ƙafa ɗaya a wannan gefen gurbin, ɗaya a wancan, ka kunna abin ka karanta. Yawancin ƙananan mitoci iyakarsu 10 ce, don haka kada ka gwada su a kan fankar lagireto, wadda kan wuce haka. A can sai mita mai baki irin na ƙaguwa da ake maƙalawa a jikin waya, kuma ka tabbatar irin wadda ke auna wutar batir ce, don da yawa daga cikin masu arha wutar gida kawai suke gani.

Waifa ka auna ta sau biyu, gilashi a jiƙe da gilashi a bushe. A bushe tana jan wuta fiye, kuma a lokacin hunturu, da ƙura ta lulluɓe gilashi, a bushe direba ke kunna ta. Lambar da ta fi girma za ka riƙe.

Mataki na 5: Ƙara masa sarari

Ba a ɗora wa fiyus kaya daidai wuyansa. Ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce kada abin da yake ɗauka kullum ya wuce kashi 75 cikin 100 na lambarsa. Wato ka raba amfiyar da ka samu da 0.75, sannan ka hau zuwa lambar da ake sayarwa mafi kusa.

Ƙananan fitilu: 3.2 raba da 0.75 ya ba da 4.3, sai fiyus 5. Birki: 3.5 ya zama 4.7, 5 zai yi, amma in akwai fitilar ribas ko wata a kan layin, 7.5 ko 8. Gajerun fitilun gaba biyu a layi ɗaya: 9.2 ya zama 12.3, sai 15, ko 16 a tangaran.

Dalilan wannan sarari uku ne. Da inji ya tashi, altaneta na kai wutar mota kusan bolt 14, ƙwai kuma su ƙara ja kaɗan. Na biyu, ƙwan fitila mai sanyi yana fizgar wuta kusan ninki goma a ƙiftawar ido ta farko, haka ma duk abin da ke juyawa yana fizga kafin ya kama gudu. Fiyus yana jure irin wannan, amma in dama a maƙure yake, kowace fizga tana rage masa kwana. Na uku shi ne zafi. Ana gwada fiyus ne a ɗaki mai ɗumin kusan digiri 25. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri iska kanta ta haye 40, balle ƙarƙashin bonet kusa da inji. Fiyus da zafi yake mutuwa, don haka wanda ya riga ya ɗumama ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin ya tsinke. Wannan ba lasisin tsallake lamba biyu ba ne. Abin da yake nufi shi ne in lissafinka ya faɗo dab da iyaka, kamar 4.9 a kan fiyus 5, ka hau na gaba, muddin waya ta yarda.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba: fiyus 10 ba ya mutuwa a 10. Irin na roba zai ɗauki 11 na sa'o'i masu yawa, a 13.5 yana iya ɗaukar mintoci, sai an kai 20 ne yake tsinkewa cikin daƙiƙa biyar. Duk tsawon wannan lokaci waya tana shan zafi. Ka riƙe wannan a zuciya kafin mataki na gaba.

Mataki na 6: Tambayi waya

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne mai hana gobara. Cire kan batir, nemi bakin wayar layin, fere robar kaɗan, ka ƙirga silin da ke ciki. A tsarin tsohuwar wayar mota ta Ingila, kowane sili kaurinsa milimita 0.30 ne, kuma ga abin da suke ɗauka: sili 9 amfiya 5.75, sili 14 amfiya 8.75, sili 28 amfiya 17.5, sili 44 amfiya 27.5, sili 65 amfiya 35, sili 84 amfiya 42. Mai sili 14 ita ce ake kira 1 mm², mai 28 ita ce 2 mm², mai 44 kuma 3 mm². Motocin Jamus da Faransa da wannan ma'auni na mm² suke kiran wayarsu, kuma zanen wayarin na Volkswagen yana rubuta kaurin kowace waya a jikin layinta: 0.5, 1.0, 1.5, 2.5, 4, 6. In sili ya fi siranta ko kauri, ƙirga ba za ta yi ba, sai ka kwatanta curin jan ƙarfen da wata wayar da ka san girmanta.

Dokar ita ce lambar fiyus kada ta wuce abin da waya mafi siranta a layin za ta ɗauka. Ka lura, mafi siranta. Layi na iya fita daga akwati da waya mai kauri, ya je can baya ya rabu zuwa siririya. Sarƙa a inda ta fi rauni take tsinkewa, kuma a nan wuta ke tashi.

Yanzu haɗa iyakokin biyu. Ƙananan fitilu suna son 5, wayarsu mai sili 14 tana ɗaukar 8.75, kenan 5, 7.5 ko 8 duk sun halatta, ni dai na ƙasa nake zaɓa. Fitilun gaba suna son 15, wayarsu mai sili 28 tana ɗaukar 17.5, 15 ko 16 sun shiga, 20 bai shiga ba.

To idan kaya suna son 15, waya kuma 8.75 ce iyakarta fa? Babu fiyus ɗin da zai warware wannan, ko a ina za ka nemo shi. Ko a rage kayan, ko a sauya waya, ko a ja sabon layi. Misalin da aka fi gani shi ne ƙwai mai wat 100 da direbobin dare ke so. Guda ɗaya amfiya 8.3 yake ja. A Beetle kowane gefe da kowane haske yana da nasa fiyus mai lamba 8, wanda ya ishi ƙwai mai wat 55 har da saura. Ka sa mai wat 100, fiyus ya fara zafi yana mutuwa, sai a ce a sa ja mai 16, daga nan makunnin fitila da soket ɗin ƙwai su fara narkewa. Maganinsa rile ne: sabuwar waya mai kauri daga batir da nata fiyus, ta shiga ƙafa 30 ta rile, ta fita ta 87 zuwa fitila, tsohuwar wayar kuma ta koma ƙafa 86 tana ba da umarni kawai, 85 ta tafi bodi. Ko da ƙwai na asali ne, rile yana ƙara wa tsohuwar mota haske, domin wuta ta daina zagayawa ta makunnin da ya shekara arba'in.

Hattara da sabuwar waya ma. Akwai mai kaurin roba da ɗan sili a ciki, akwai kuma alminiyam da aka shafa wa launin jan ƙarfe, wadda ba ta ɗaukar fiye da kusan kashi biyu cikin uku na abin da ta gaskiya ke ɗauka. Kankare sili da wuƙa, in ciki fari ne ka mayar wa mai shago kayansa. Tsohuwar waya kuma, in ka lanƙwasa ta robar ta tsage, ko jan ƙarfen ya yi baƙi ƙirin, kada ka ba ta cikakkiyar lambar da ke sama. Sauya ta ya fi.

Mataki na 7: Layukan da ba su da mai gadi

Koma kan waɗanda ka ja wa layi a takarda. Duk sabon abin da aka ɗauko wa wuta daga batir, rediyo ne, ƙarin fitila ne, amfilifaya ce, yana buƙatar nasa fiyus, kuma a kusa da batir, kamar taƙi ɗaya. Fiyus yana kare abin da ke bayansa ne kawai. In ka sa shi can kusa da rediyo, duk tsawon wayar da ta ratso daga bonet ta bi ta ramin ƙarfe tsirara take. Ƙaramin fiyus ɗin da ke bayan rediyon na rediyon ne, bai san da zaman wayarka ba.

Ana iya sa babban fiyus guda a kan wayar da ke ciyar da makulli da akwatin fiyus. Lissafinsa shi ne ka tara abin da ke kunne a dare mai ruwan sama: fitilun gaba 10, ƙanana 3, waifa kamar 4, kwayil kamar 4, fanka kamar 6, birki 3.5. Kusan 30 kenan, raba da 0.75 ya ba da 40, kuma wayar sai ta kai mai sili 84. In ta gaza haka, a sauya ta tukuna. Wayar kik mai kauri ba a sa mata fiyus, don kik yana jan sama da amfiya ɗari. Wayar altaneta zuwa batir kuma, in za a sa mata, lambar ta haura iyakar abin da altanetar ke bayarwa sosai, wayar ma ta fi haka, domin tsinkewar wannan layi inji na gudu yana iya lalata altanetar.

Tsofaffin motocin Ingila na kafin ƙarshen shekarun 1960 da dama kan fositib ne ke ɗaure a bodi. A irinsu fiyus yana hawa kan wayar negetib. Ko yaya dai, yana kan gefen da ba a ɗaure a bodi ba.

Ni ra'ayina, fitilun gaba a raba su, hagu da nasa, dama da nasa, kamar yadda Jamusawa suka yi. Fiyus ɗaya ya ɗauke maka ido biyu a kan kwana cikin dare ba abin wasa ba ne.

Mataki na 8: In ya ci gaba da ƙonewa

Dubi gawar fiyus ɗin kafin ka jefar. In gilashin ya yi baƙi, ƙarfen ya tarwatse, waya ce ta taɓa bodi. In ƙarfen ya ɗan lanƙwashe ya rabu a tsakiya a tsanake, kaya ne suka yi yawa, ka koma mataki na 4. In kuwa tsakiyar lafiya lau amma bakinsa ya narke ko ya ƙone, ba lamba ce matsalar ba, gurbin ne ya yi tsatsa ko ya saki. Wannan ciwon masu fiyus ɗin tangaran ne, musamman da yake na yanzu da yawa jikinsu roba ce, ba tangaran ba, zafi kaɗan sai su lotsa su ƙara sakin jiki. Cire kan batir, goge ƙarafunan gurbin da samfefa mai laushi har su yi ƙyalli, matse su kaɗan, ka nemi fiyus mai jikin tangaran na gaske.

Don farautar inda waya ke taɓa bodi ba tare da ka ƙona fakiti guda ba, ga dabarar da dattijon nan ya nuna min. Ɗauki ƙwai mai wat 21, jona masa waya biyu, ka sa shi a gurbin fiyus ɗin. Muddin matsalar na nan zai haska fes, kuma shi ne zai hana wuta wuce amfiya biyu, don haka ba abin da zai ƙone. Sai ka bi layin kana girgiza waya, kana cire soket ɗaya bayan ɗaya. Inda hasken ya dushe ko ya mutu, nan ɓarawon yake. Fara da wuraren da waya ke ratsa ƙarfe, da maƙogwaron but da ƙofa inda take lanƙwasuwa kullum, da bayan fitilun baya inda ruwa ke taruwa da damina.

Fiyus na jabu ma akwai shi, wanda za a rubuta wa 10 amma ya ƙi mutuwa har robarsa ta narke. In za ka sayi da yawa, sadaukar da ɗaya: jona fiyus 5 a layin fitilun gaba biyu, masu jan kusan 10, ka kunna. Na kirki ba zai wuce 'yan daƙiƙu ba. In ka ƙirga talatin yana nan da ransa, kashe fitila, kada ko ɗaya daga cikin fakitin ya shiga motarka.

Mataki na 9: Gwajin ƙarshe

Mayar da kan batir, tayar da inji, kunna fitilu da fanka da waifa gaba ɗaya, ka bar su minti goma sha biyar. Sannan ka bi fiyus ɗin ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa, haka ma wayoyin da ke shiga da fita. Ɗumi kaɗan ba komai. Wanda ya sa ka janye hannu, ko gurbinsa ya saki ko layinsa ya yi nauyi, a duba shi kafin a hau titi.

Daga nan ka yanki kwali daidai bayan murfin akwatin, ka rubuta lambar kowane gurbi, abin da ke kansa da fiyus ɗin da yake ci, ka manna. In motar Ingila ce ka ƙara da cewa lambobin na fiyus ɗin zamani ne, ba na Lucas ba, don mai wayarin da zai zo bayanka. A aljihun dashbod kuma ka ajiye biyu-biyu na kowace lamba a cikin kwalin ashana, tare da ƙwan gwajin nan mai wat 21 da sifanar da ke kwance kan batir.